Sunan Yaya a Kan Aikina

Kun gani, kuka kau da kai. Kada wanda ya ce mini bai gani ba. Makon jiya na zauna na rubuta muku abin da ke shirin faruwa da manhajar da kantunan magani sama da ɗari huɗu suke aiki da ita, na ɗan ambata a gefe cewa akwai wani mai tabarau da ke zuwa gidanmu. Sharhi ya yi ta zuba kamar ruwan sama, duk a kan mai tabarau. "Dogo ne?" "Wace mota yake hawa?" "Anti ki riƙe shi gam, maza sun yi wuya." Mutum uku kaɗai suka taɓo maganar aikin, ɗayansu ma tambaya yake me ya sa firintarsa ta daina aiki. To, tunda soyayya kuke so, ga ta nan. Amma wallahi sai kun haɗiye ta tare da abin da kuka tsallake.

Ga wanda yau ya fara shigowa, babanmu kantin magani gare shi. Shekara biyar da suka wuce, ina ajin ƙarshe a jami'a, wata mata ta dawo da kwalbar maganin tari na yara da Abba ya sayar mata. Kwanansa ya ƙare da wata biyu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ajiye kwalbar a kan kantar Abba, ta ce, "Mai magani, duba nan." Ranar Abba bai taɓa abincinsa ba. Ni kuma na zauna na rubuta wata 'yar manhaja wadda take tuna wa mai kanti maganin da ya kusa lalacewa, ko da intanet ko babu. Na bar ta a buɗe, ma'ana kowa yana iya ɗauka, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Ta yaɗu fiye da yadda na taɓa zato, amma ni kaɗai ce a ƙarƙashinta. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni sati uku, wani abu ya lalace a cikinta, babu mutum ɗaya a duniya da ya san inda zai taɓa. Ina kwance ana ƙara mini ruwa, wayata tana ta kuka a ƙarƙashin filo. Tun daga ranar na ce ba za ta sake zama a wuyan mutum ɗaya ba.

Shi ya sa na nemi shigar da ita wata gidauniya ta 'yan sa-kai. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, ba a biyan kowa, suna karɓar irin waɗannan manhajoji amana don kada su mutu da mai su, kada kuma wani ya wayi gari ya kulle su. Suka haɗa ni da wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ce mai duba shirina. Goggo nake ce mata, ta ma saba. Wata uku tana gasa ni. Na rubuta bayanin yadda komai yake aiki. Na kwashe shawarwari daga cikin wayata na mayar da su zauren imel na gidauniyar, inda kowa yake ganin abin da kowa ya ce. Na samo mutum biyu da za mu riƙa kula da ita tare. Saura abu ɗaya, wanda na ɗauka na minti goma ne.

Kowace manhaja tana da tarihin aiki. Duk layin da aka rubuta, yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da ranar. Kafin gidauniya ta karɓa, sai duk mai suna a ciki ya sa hannu cewa ya yarda.

Ranar Talata da hantsi Goggo ta kira ni ta bidiyo. Ina zaune a ɗakina, kwamfuta a kan teburin guga domin nawa teburin ƙafarsa ta karye, na yafa ɗan mayafi a kan rigar barci. Ta sauke tabaranta zuwa kan hanci.

"'Yata, wane ne wannan mutumin da ya rubuta kashi shida cikin goma na manhajar? Gwani ne. Shekara biyu yana aiki ba hutu, sai kawai ya ɓace. Lafiya yake?"

Na ce, "Yana falo, Goggo. Ƙwallo yake kallo."

Bari in gaya muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa a fili ba. Lokacin da na fara, Umma ta ce sunan 'yarta ba zai yi yawo a intanet ba, ƙattin da ba ta sani ba su riƙa kiran sa. Kwamfutata kuma ta mutu a lokacin. Sai na ari ta Yaya, na yi aiki da akawun ɗinsa, da sunansa, da hotonsa yana jingine da motar da ba tasa ba. Na ce na sati biyu ne. Ya zama shekara biyu. Yaya kayan gyaran mota yake sayarwa. Idan ya sauke takarda a waya sai ya kira ni in nemo masa inda ta shige. Amma a tarihin manhajata, shi ne uban gayya. Wani abin kuma, ban san ana maƙala wa manhaja takardar lasisi ba sai a shekara ta uku. Saboda haka wannan kashi shidan, a idon doka, yana hannun wanda sunansa ke kai.

Da na gaya wa Goggo duk wannan, ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta nutsu. Ta ce takarda biyu ce, Yaya ya zaɓi ɗaya. Ko ya sa hannu cewa shi ya rubuta kuma ya bayar, ko ya sa hannu cewa ba shi ya rubuta ba, ƙanwarsa ce.

"Ta biyun nake so," na ce.

"Ta farkon ta fi sauƙi."

"Ta farkon ƙarya ce."

Ta dube ni ta ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama. Idan ba a kammala ba, sai zagaye na gaba, bayan shekara.

Ranar Asabar da safe na buga takardar na fito. Yaya yana tsakar gida da gajeren wando da singileti, yana wanke takalmansa farare da tsohon buroshin haƙori. Umma tana bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa a tire.

"Yaya, ga biro. Nan kawai za ka sa hannu."

Ya goge hannu a cinyarsa, ya karɓa, ya karanta a hankali yana motsa baki. Ya miƙo mini.

"Bari mu ji ta bakin Injiniya tukuna."

"Injiniya kuma? Shi ya haife ni ko shi ya rubuta?"

"Ke dai 'yar boko, komai da zafi. Ashe ni ne mai kashi shida, ban sani ba? Shekara biyar ina zaune a kan arziki ina sayar da fulogi."

"Wa ya gaya maka kashi shida? Ban faɗa maka ba."

Ya koma kan takalminsa. Na gane Injiniya ne ya gaya masa.

Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni abin da ban gane ba, mutum ya yi wahala shekara biyar, sai ya ɗauka ya miƙa wa mutanen da bai taɓa gani ba. Ga wanda zai aure ki yana so. Ki ba mijinki, ya zauna a gida."

"Umma, ba kujera ba ce da za a kai ɗaki."

"Kin ji ko? Baki kamar reza. Haka za ki je ki yi wa uwarsa?"

Yanzu ga mai tabaran naku, shi ne Injiniyan da Yaya yake faɗa. Eh, dogo ne. Kamfanin manhaja gare shi, ƙarami amma yana tashe. Kuma kada wata ta ce an tilasta mini shi, ni na gan shi na ce ina so. Kun san yadda muka haɗu? Shekara uku da suka wuce ya ci karo da manhajar, ta burge shi, ya yi ta rubuto wa mai ita saƙo, har ya nemo gidanmu don ya gana da gwanin. Aka zaunar da shi a falo da Yaya. Ya yi tambaya ɗaya, Yaya ya ce, "Eh to, wannan ai sai a hankali." Ya yi ta biyu, Yaya ya ce bari ya kawo ruwa. Bai dawo ba. Ni aka turo da tiren ruwan. Na tsaya a bakin ƙofa na amsa tambayoyin biyu, na kuma nuna masa inda ya yi kuskure a ta ukun da bai riga ya yi ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "Ashe ke ce."

Shekara biyu ina jiran wani ya faɗi wannan kalmar. Ku gaya mini yadda zan yi ban so shi ba.

Da la'asar ɗin wannan Asabar ya zo. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da lauya. Da gangan na zaɓe ta. Ya shigo da farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya riga shi zama. Umma ta shimfiɗa sabon mayafin tebur, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai baƙo na musamman, ta ja ƙofa amma ba ta rufe duka ba. Ina jin numfashinta.

"Ranki ya daɗe, an ce ana nema na da laifi," ya ce yana murmushi.

"Kai ka ce wa Yaya kada ya sa hannu?"

"Na ce ya dakata. Dakatawa ba ƙi ba ce."

Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoto. Ofis ne, bango fari, taga babba, tebur mai ƙafa huɗu lafiyayyu. A jikin ƙofa an manna ƙaramin allo, da sunana a kai. Nawa, cikakke, ba na Yaya ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da idona ya yi zafi.

"Ma'aikata goma sha biyu a ƙarƙashinki," ya ce. "Idan kika yi zazzaɓi, ki kwanta ki yi zazzaɓinki. Mu mayar da ita ta kamfani, mai so ya saya, mu kula da ita yadda ya kamata. 'Yan sa-kai gajiya suke yi, ƙanwata. Yau suna nan, gobe ɗaya ta haihu, ɗaya ya samu aiki. Kantuna ɗari huɗun nan, da kina asibiti, mutum nawa ya zo duba ki?"

Ko mutum ɗaya bai zo ba. Ku ji da kyau, ku da kuke karantawa: a nan ya fi ni gaskiya, kuma ku kuka ba shi ita.

Na ce, "Mai ɗan kanti a ƙarshen layi, wanda ba zai iya saye ba fa?"

"Ya koma littafi da biro, kamar da."

"Kamar da ne aka sayar wa yaro maganin da ya lalace."

Ya sauke numfashi. "Ba za ki ɗauki duniya a kai ba."

"Shi ya sa nake neman masu taya ni ɗauka. Kai kuma kana so ka sauke mini ka kulle a ɗakinka."

"Ɗakinmu."

Na bar wannan ta wuce. Na ce, "To ji. Idan Yaya ya ƙi, kai ne babban shaidata. Kai ka zauna a kujerar nan ka ga komai. Saƙonninmu na shekara uku suna wayarka. Ka rubuta wa gidauniya layi biyu, ka ce ni ce."

Ya juya kofin shayinsa a kan faranti, ya juya, ya sake juyawa.

"Zan rubuta. Bayan biki. Idan mun zauna mun yi shawara a matsayin miji da mata."

"Kwamiti Alhamis zai zauna."

"Na sani."

Wallahi da ya ce bai yarda ni na rubuta ba, da ya fi mini sauƙi. Ya sani. Shi ya fara sani a duk duniya. Kuma ya ɗauki sanin nan ya riƙe shi a aljihu, sai na biya da abin da yake so.

Na miƙe. "Shayinka zai huce."

"Haba ƙanwata, zauna mana."

"Ni ba ƙanwarka ba ce yau. Yayan da nake da shi ma ya ishe ni."

Na buɗe ƙofa, saura kaɗan Umma ta faɗo ciki da tsintsiya a hannu, wai shara take yi.

Ban kai ɗaki ba saƙonni suka fara shigowa.

"Kin yi fushi."

"Don ke nake yi."

"Yayanki ya ce zai iya sa wa kamfani hannu ranar Laraba. Ban ce masa to ba tukuna. Kada ki tura ni."

Na karanta na ƙarshen sau uku. Idan Yaya ya sa wa kamfanin hannu, kashi shida na aikina ya tafi, da sa hannun mutumin da bai san inda ake kunna shi ba. Na amsa da kalma ɗaya: "Na gani."

Washegari da safe na tafi kantin Abba. Yana tsaye a kan ɗan benci yana jera kwalabe, na baya yana dawo da su gaba, kamar yadda manhajar ta nuna masa. Na kira Goggo daga bayan kanta, tsakanin kwalayen auduga. Na zayyana mata komai, har da allon ƙofa.

Ta ce, "A wurinmu abin da ba a faɗa a zaure ba, bai faru ba. Ki rubuta gaskiya a zauren imel, kowa ya gani. Idan yayanki ya ƙi, kwamiti yana iya duba shaidar mutanen da suka yi hulɗa da ke a waɗancan shekaru biyu. Ba zan yi miki alkawarin za ta wadatar ba. Amma idan suna da yawa, kuma kowa ya sa sunansa da na kantinsa, za a saurare su."

Abba ya sauko daga benci. Ashe duk yana ji. "Ni zan rubuta, uwata. A gabana kika yi."

"Abba, na gida ba ya cikin lissafi. Sai bare."

Ya tsaya da kwalba a hannu. Ya ce, "Ni na bari aka sa sunan yayanki. Na ji lokacin da uwarki ta faɗa, na yi shiru don a zauna lafiya." Ya ajiye kwalbar. "Rubuta. Idan ta yi faɗa, ki ce ni na ce."

A nan bayan kanta na rubuta, a kan kwalin auduga. Na faɗi sunana. Na ce duk layin da ke ɗauke da sunan yayana daga ranar farko har zuwa ƙarshen shekara ta biyu, hannuna ne ya rubuta shi. Na faɗi dalili ban ɓoye ba, ban kuma zagi kowa ba. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin aikawa, ina tuna ofishin nan mai babbar taga, da yadda ya goge tabaransa ranar farko. Na danna.

Kafin azahar Yaya ya kira sau bakwai. Umma ta turo saƙon murya na minti huɗu, rabinsa kuka, rabinsa jerin sunayen 'yan uwan da za su ji. Ta ce na tona wa gida asiri a gaban Turawa da Sinawa da ko su wane ne. Ta ce idan auren nan ya lalace kada in zo mata da hawaye. Ba zan zo da su ba. Na riga na yi su a banɗakin kanti, na wanke fuska, na fito na sayar wa wani tsoho maganin hawan jini.

Mai tabarau ma ya turo. Saƙo ɗaya, dogo. Farkonsa kawai nake gani a saman waya: "Na karanta abin da kika rubuta. Tun jiya nake so in gaya miki cewa..." Ban buɗe ba. Ban sani ba ko shaida ce, ko sallama ce, ko wani sabon sharaɗi. Zuciyata tana ta ja na zuwa gare shi kamar an ɗaura mata igiya. Amma idan na buɗe yanzu, makomar aikina ta koma bakin mutum ɗaya, kuma wannan ne ainihin abin da nake gudu.

Saboda haka na dawo kanku. Na san da yawanku masu kantin magani ne, ko matansu, ko 'ya'yansu, domin ta manhajar kuka san wannan shafin. A waɗancan shekaru biyu, idan abu ya lalace muku, kun kira lambar da ke jikinta. Wa ya ɗauka? Muryar wa ta ce ku danna nan, ku rufe can, ku sake kunnawa? Ke mai kanti kusa da tashar mota, da kayanki suka ɓace daga allo ranar da masu duba kantuna za su zo, awa biyu muka yi a waya har kika ce in gaida mijina. Kai mai kanti biyu da kake kira na "sakatariya", ka taɓa jin muryar maigidan sakatariyar ko sau ɗaya? Kun ji mace ce. Kun sani. Kuna ajiye waya sai ku shiga shafi ku rubuta, "Allah ya saka wa Malam da alheri."

Ba na neman godiya, lokacinta ya wuce. Adireshin zauren imel ɗin yana nan a shafin farko na manhajar, ƙasa da maɓallin taimako. Ka rubuta sunanka da sunan kantinka. Ka faɗi shekarar da ka kira, da abin da ya lalace, da muryar da ta gyara maka. Layi uku sun isa, da Hausa ma ya yi, akwai mai fassarawa. Yaya yana da Laraba, kwamiti yana da Alhamis, ku kuna da yau.

Kada ka rubuto mini a nan ƙasa cewa kana tare da ni. Rufe wannan shafin, ka je can, ka faɗi abin da kunnenka ya ji.